Abin da kilobayit 2 suka koya mini

A shekarata ta uku ina karatun kimiyyar kwamfuta, malaminmu ya ce kowa ya rubuta takarda kan yadda mutane suka fara koyon haɗa manhaja a gida. Ni na zaɓi Family BASIC, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1984 tare da Hudson Soft da Sharp, domin na'urar wasanta Famicom. Kaset ne da allon madannai. Yaro zai zauna gaban talabijin ya rubuta wasansa da kansa, ya adana shi a kaset ɗin rikoda irin na waƙa. Wurin rubutun kilobayit 2 ne kacal, wato haruffa dubu biyu da 'yan kai. Sai a 1985 aka ninka shi zuwa 4.

Ban so in yi rubutu a kan abin da ban taɓa ba, don haka na sa manhajar da ke kwaikwayon Famicom a kwamfutata, na ce bari in haɗa ɗan wasan tare ƙwallo. Tun ban kai ga lissafin maki ba, wuri ya ƙare.

Mako biyu na yi ina rage kaya. Duk layin da na maimaita sau biyu na mayar da shi wuri ɗaya, in riƙa kiransa daga can da umarnin GOSUB duk lokacin da nake bukatarsa. Harshen BASIC, wanda da shi ake rubuta wa na'urar umarni, bai san rabi ko kwata ba a nan, sai cikakkun lambobi, saboda haka domin ƙwallon ya yi tafiya a hankali dole in ninka lissafin da goma, in raba lokacin zana shi. A aji an sha faɗa mana cewa ma'ajiyar kwamfuta tana da iyaka, amma ban taɓa jin abin a jikina ba sai ranar da na zauna ina zaɓe tsakanin sautin bugun ƙwallo da rubutun da ke sanar da ƙarshen wasa. Na bar sautin.

Daga baya na karanta labarin Net Yaroze, baƙar PlayStation da Sony ta sayar wa masu sha'awa a Amurka da Turai a 1997, a kan dala 750 a Amurka. Da harshen C ake rubutu, kuma dole wasan ya shige cikin megabayit 2 na na'urar. Kuɗin ya yi yawa, gaskiya, amma ina girmama kamfanin da ya yarda mai saye ma zai iya ƙira, ba danna maɓalli kawai ba.

Yanzu manhajar waya nake haɗawa, kuma yawancin masu amfani da ita wayoyinsu ƙanana ne, data kuma da tsada. Makon jiya abokin aikina ya kawo shawarar mu sa wani bidiyo a shafin farko. Kafin in kalle shi na tambaye shi nauyinsa, ya ce megabayit 9. Muka sa hoto ɗaya.