Gida a tsohon garin Agadas: abin da nake gaya wa mai saye kafin a yi ciniki

Shekara 14 ke nan ina dillancin gidaje da filaye a Agadas. Ofishina ɗaki ɗaya ne da rumfa a bakin hanya, ni da yara biyu, ɗaya yana yawon jin inda za a sayar da gida, ɗaya yana riƙe da takardu. Yawancin abincinmu daga sababbin unguwanni yake fitowa, inda za ka auna fili, ka duba takarda, a biya, kowa ya kama gabansa. Gidajen cikin tsohon gari kuwa ba su fi uku ko huɗu nake sayarwa a shekara ba, amma su suka fi cin lokacina, kuma a kansu na taɓa jin kunyar da har yau ba ta sake ni ba.

A watan Yunin 2013 ne hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Wajen hekta 78 ne, unguwanni 11, irin su Katanga inda fadar Sarkin Abzin take, da Amarewat ta maginan tukwane, da Obitara, da Amdit, da Akanfaya. A tsakiyarsu ga hasumiyar babban masallaci, mita 27 ta zallar ƙasa, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 16 aka sake ɗaga ta a 1844. Tun kafin wannan ma Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997. Abin da duk wannan yake nufi ga mai gida a cikin iyakar tsohon garin shi ne: gidanka ne, amma fuskar da yake nuna wa titi ba taka ba ce kai kaɗai. Ba za ka rushe ka tayar da bulo yadda ka ga dama ba. Shafen siminti a waje, rufin kwano, fenti mai ƙyalli, allon talla, bene mai tsawo da zai tare hasumiya, duk abubuwa ne da masu kula da tsohon gari suke sa wa ido, kuma gyara mai girma sai da izini.

Wannan magana ba a rubuce take a jikin bango ba. Baƙo zai shiga gida ya fita bai gan ta ba.

Lokacin da aka gano zinariya a Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas, a 2014, kuɗi suka shigo gari kamar ruwan ƙorama. Wani saurayi da Allah ya buɗa wa ya zo mini yana son gida kusa da inda aka haifi mahaifiyarsa. Na kai shi wani gidan ƙasa mai zaure da ɗakuna huɗu. Muna tsaye a tsakar gida yana nuna mini da hannu: nan zan zubar, nan zan ɗora bene, ƙasa shaguna, sama iyali. Na ji shi sarai. Na san gidan yana cikin iyaka. Mai gida yana gefe yana kallona, ni kuma la'ada tana raina, sai na ce, "Allah Ya sa albarka," na yi shiru. Bayan wata biyu ya sauke yashi da siminti, magina sun fasa ɗaki ɗaya, aka zo aka tsayar da aikin. Ya same ni a rumfa da la'asar. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, ka sani?" Na ce na sani. Ya tashi ya tafi. Na mayar masa da la'adata washegari, ya karɓa, amma ɗakin da aka fasa ya sha damina biyu a buɗe, kuma daga danginsa babu wanda ya sake tako ofishina.

Tun daga nan na yi wa kaina ƙa'ida. Ba na karɓar kafin alƙalami a kan gidan tsohon gari sai mun zauna mu uku a zauren gidan, ni da mai sayarwa da mai saye, da shaidu biyu, mai sayarwa ya faɗi da bakinsa abin da ya sani. Yarona yana rubutawa da Hausa da Faransanci, a karanta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Farkon abin da ake rubutawa shi ne gidan yana cikin iyakar da aka kare, ko yana cikin zagayen da ke kewaye da ita, domin can ma akwai sharuɗɗa. Sai ko an taɓa zuwa an yi masa magana a kan wani gyara da ya yi ba izini. Wannan ta biyun ita masu gida suka fi ƙin faɗa, ita ce kuma ta fi cutar da mai saye, don shi zai gaji rigimar.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, kai dillali ne ko mai korar kasuwa? Bangona ya tsage ne? Wane aibi ke ga gidana?" Na ce, "Baba, gidanka lafiya lau yake. Amma mutumin nan bene yake so, kuma ni da kai mun san ba za a bar shi ba." Malamanmu sun karantar da mu cewa duk abin da mai saye zai ƙi kaya saboda shi, ko ya rage kuɗi da ya sani, wajibi ne a bayyana masa, kuma hadisin da ya yi hani ga algus kowa ya san shi. A ganina dokar da ta hau kan gida tana cikin wannan, ko da ba tsaga ba ce. Dattijon ya yi fushi ya kai gidansa wurin wani dillali. Ban hana shi ba, ban kuma bi shi ba.

Bayan maganar doka sai jikin gidan. Nan nake daɗewa, kuma ba na zuwa sai da wani tsohon magini da muka saba. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bangon ƙasa da aka shafe da siminti. Mai gida yana ganin ya yi gyara, alhali ƙasa tana son ta sha iska. Siminti yana kulle danshi a ciki, tubali ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa sumul. Maginin yakan ɗauki makulli yana ƙwanƙwasa bango daga ƙasa zuwa sama, kunnensa a manne. Inda ya ji kwaf-kwaf kamar ana buga ƙwarya, sai ya yi zane da gawayi. Daga nan ya hau soro ya duba daɓen rufi, ya zura hannu cikin indararo, ya sauko ya soki azara da wuƙa ko gara ta cinye cikinta. Agadas ba garin ruwa ba ne, amma wanda ya ga ambaliyar da ƙoramar Telwa ta yi a Satumbar 2009 ba ya wasa da indararo. Ina sa mai gida ya faɗi yaushe rabon da a yi yaɓe, da kuma inda ruwan soronsa da na maƙwabci yake zuba, don a tsohon gari bango ɗaya gida biyu yake riƙewa.

Gado ma yana nan. Gida ɗaya sai ka tarar magadansa suna Arlit, suna Yamai, wani yana Kano. Ba na ci gaba sai mai unguwa ya tabbatar mini kowa ya yarda.

Ni ina goyon bayan a kare tsohon garin nan. Na kwana a ɗakin ƙasa da bazara, na kwana a ɗakin bulo mai kwano, na san bambanci. Kuma ban son jikokina su ga hasumiyar nan a matse tsakanin shaguna. Sai dai nauyin yana kan talaka. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida a Amdit, ita za ta nemi kuɗin ƙasa da na magini duk bayan damina, masu yawon buɗe idon da aka ce za su kawo arziki kuwa sun yi ƙaranci tun tawayen Abzinawa na 2007. Idan ta gaji ta ce za ta sayar, gaskiyar da nake faɗa tana rage mata kuɗi, na kuma san haka. Abin da nake iya yi mata shi ne in nemo wanda gidan ƙasa yake so da gaske, in kuma rage la'adata.

Irin waɗannan masu saye suna nan, ko da yake sai an yi haƙuri. Yanzu haka akwai gida a Amarewat da ya yi wata bakwai a hannuna. Mutum uku sun gani sun fasa da suka ji sharuɗɗa. Na huɗun wani malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ya saurari duk abin da Hajiya mai gidan ta faɗa, ya bi maginina har kan soro, ya ƙirga zanen gawayi guda biyar a bangon gabas. Ya ce a ba shi zuwa bayan sallah ya ji nawa azara shida za su ci.