Kwana bakwai a Kiwengwa: abin da munduwar roba ta biya da wanda ba ta biya ba

Shekaranjiya muka dawo daga Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, ni da uwargida, kuma har yanzu akwai shatin munduwar otal a wuyan hannuna, don rana ta ƙona ko'ina ban da wurin. Tun da aka ga hotuna ake ta kirana ana tambayar nawa aka kashe, shi ya sa na ce bari in rubuta tun ban manta lissafin ba.

Wahalar tafiyar daga gida take farawa. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi yadda Turawa suke samu. Sai ka cike takarda ta intanet, a tura ta a bincika, ka zauna jira. Ka nema wata biyu kafin ranar tafiya, kuma kada ka biya kuɗin otal irin wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Ban da biza akwai katin allurar shawara, ruwan ɗorawan nan, sannan akwai inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 kowane mutum. Ko kana da wata inshorar daga gida ba ta hana ka biyan wannan. Ka biya tun kana gida, ka buga takardar, domin waɗanda ba su biya ba mun bar su a gefe suna fama da waya da katin banki. Dalar da za ka riƙe ta zama sabuwar bugu. Tsofaffin takardu da masu yagewa ba sa karɓuwa. Leda ma kada ka cusa a jaka, an haramta ta a ƙasar tun 2019.

Ta Adis Ababa muka bi, ba wani labari a nan. Agogon Zanzibar yana gaban namu da awa biyu.

Kiwengwa, ƙauyen da otal ɗinmu yake, tana gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, tafiyar kamar awa guda a mota daga filin jirgi. Otal ya ce zai aiko mota a kan dala 70. Direban tasi da na yi ciniki da shi a bakin ƙofa ya kai mu a 40, kuma shi ya riƙa ɗaukarmu har muka bar garin. A nan na fara cin karo da agogon Sawahili. Ya ce zai zo "saa mbili", wato ƙarfe biyu, ashe ƙarfe takwas na safe yake nufi, domin su daga fitowar rana suke fara ƙirga: ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya. Duk alƙawarin da za ka yi da direba ko mai kwalekwale, ka nuna masa a fuskar waya.

Tsarin otal ɗin shi ne wanda ake kira komai-a-ciki. Ka biya kuɗi dunƙule, a ɗaura maka munduwar roba a hannu wadda ba ta cirewa sai da almakashi, daga nan ɗaki da abinci sau uku da abin sha duk sun shiga. A takarda ke nan. Kafin a ba mu makulli sai da ma'aikaciyar karɓar baƙi ta miƙo takardar harajin kwana, dala 5 kowane mutum kowane dare, wanda ba ya cikin abin da muka biya. Mu biyu, dare bakwai, dala 70 ta tashi tun ba mu ga gado ba. Na ce mata ai an ce komai a ciki. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta sa biro ta zagaye wani ɗan layi a ƙasan takardar, ta turo mini. A gida ko mai shago zai cuce ka sai ya ce maka sannu da zuwa tukuna. Amma gaskiya tana wajenta, an rubuta, ni ne ban karanta ba.

Da na zauna na karanta sai na ga sauran. Lemon da ke cikin inji kyauta ne, amma garin lemo ne aka dama da ruwa, zaƙi zalla. In kana son a matse maka mangwaro ko abarba a gabanka, wannan da kuɗi. Ruwan kwakwa da kuɗi. Manyan jatan lande da ake gasawa a bakin teku ranar Asabar da kuɗi. Wanki, tausa, kwalekwale, abin da ke cikin ɗan firjin ɗaki, duk da kuɗi. Gidan abinci na biyu, wanda ake zaɓar abinci a kawo maka, sau ɗaya ka samu a mako, shi ma sai ka sa suna tun da safe. Ruwan gora biyu ake ajiye wa ɗaki kullum, kuma dole ka yi tattalinsa, saboda na famfo yana da ɗan gishiri-gishiri, ba na sha ba ne. Akwai kati na tawul ɗin bakin ruwa, in ya ɓata tara ce.

To me ke ciki ba iyaka? Giya. Daga hantsi har tsakar dare ana zuba wa duk mai munduwa, kuma a nan na gane inda kuɗin yake tafiya. Kuɗin goro ake yi wa kowa: da Baturen da ke wuni a kan kujerar mashaya da kai mai shan shayi da lemo, farashinku ɗaya. A otal ɗin namu bambancin komai-a-ciki da tsarin karin kumallo da abincin dare kawai ya kai dala 45 kowane mutum a rana. Mu biyu a mako, dala 630. Me muka ci a cikinta? Abincin rana sau huɗu, don sauran ranaku ukun muna waje, sai lemo da shayi da ɗan cincin na la'asar. A rumfunan da ke bakin teku, tafiyar minti goma daga ƙofar otal, shinkafa da miyar kwakwa da gasasshen kifi shilin 15,000 muka saya, bai kai dala bakwai ba, kuma ya fi na otal ɗanɗano nesa ba kusa ba. Wanda ba ya shan giya, kuma ba zai wuni a otal kullum ba, ya ɗauki tsarin safe da dare. Sai dai mai yara da yawa, waɗanda kowace awa sai sun nemi abin taɓawa, shi kam munduwar za ta iya biyansa.

Abincin jere shi ake yi, kowa ya ɗiba da kansa. Yawancin baƙin Kiwengwa 'yan Italiya ne, har yaran ƙauyen da Italiyanci suke gaida farar fata, don haka taliya da cuku sun cika teburin. Yaji kuwa babu. Wanda ya saba da miyar gida ya ƙulla yajinsa da ɗan kilishi a jaka, mu namu ya cece mu. Maganar halal kuma, kada ka ce ai tsibirin Musulmi ne ka saki jiki. Akwai naman alade a layin karin kumallo, akwai kuma kayan zaƙi da miyar nama da ake sa wa giya, kuma ba kullum ake rubutawa ba. Masu girkin kusan duk Musulmi ne. Ka yi musu sallama ka tambaya. Wani dattijo a cikinsu, da ya ji mun yi bismilla, daga ranar in mun doso sai ya ɗaga cokali ya nuna tukunya ya girgiza kai, ko ya ɗaga gira alamar ɗiba. Ka kuma kula da hankakin tsibirin. Ka tashi ɗauko shayi ka bar faranti a waje, kafin ka dawo sun yi gaba da ƙwan.

Abin da ya fi ba ni mamaki teku ne. Mun iso da yamma ruwa na dukan matattakalar otal, shuɗi garau. Washegari da hantsi na fito da wandon wanka, teku ya tafi. Ya janye ya bar fili fari fat, mita ɗaruruwa, sai can nesa kake hango inda igiyar ruwa ke fashewa a kan duwatsun murjani. Haka gabashin tsibirin yake: ruwa ya cika sau biyu, ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Kwanan wata ke juya shi. Lokacin tsayuwar wata da tsakiyarsa, wajen sha huɗu da sha biyar, ya fi cika ya kuma fi janyewa. Akwai allo kusa da wurin karɓar baƙi da ake rubuta lokutan, da shi za ka tsara wuninka. Wanda ke son shiga teku a kowane lokaci ya nemi otal a Nungwi ko Kendwa, can arewa, inda ruwa ba ya nisa haka. Ba wanda ya gaya mini wannan kafin in biya.

Amma janyewar tana da nata daɗin. Mata kan fito da zannuwansu su shiga cikin ruwa iya gwiwa, wasu na tsintar abin miya, wasu na farautar pweza, wata halittar teku mai hannaye takwas, da ɗan tsinken ƙarfe. In za ka bi su, ka sa takalmin roba mai rufe ƙafa. Akwai wata baƙar aba mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a ramukan dutse. Ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa, ba ta zaruwa da sauƙi. Kada kuma ka yi nisa in ruwa ya kusa dawowa, yana cika kwaruruwan da ke bayanka kafin ka ankara. Rana ma ba ta san baƙar fata ba. Iskar teku tana hana ka jin zafinta, sai dare ka ji kafaɗa na raɗaɗi.

Da zarar ka taka rairayi, samarin bakin teku sun yi maka caa, wannan da zane, wancan da tayin kai ka kallon kifaye. 'Yan ƙabilar Masai ma suna nan da jajayen mayafansu suna sayar da duwatsun wuya. Sun saba da Turawa masu biyan kuɗin farko. Ɗan Kano kuwa ai ciniki gado ne: fita kallon kifaye kusa da tsibirin Mnemba da otal ya sa wa dala 65, mun je a 30, sai dai na ƙi ba da ko sisi sai da na ga kwalekwalen da rigunan ceto da idona.

Salla ta zo da nata sabon abu. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda aka saba, sai wayata ta nuna arewa. Na ɗauka ta rikice, ashe Zanzibar kusan saitin Makka take daga kudu, alƙiblarsu arewa ce sak. Buta kuma babu a banɗakin, ka zo da 'yar ƙarama taka. Ranar Juma'a dattijon nan mai girki ya ja ni masallacin ƙauye, bayan an idar ya ƙi sakina sai da na ci pilau a gidansa, shinkafa da nama da kanumfari da kirfa da masoro, muna zaune a tabarma. Jikokinsa suka zo suna cewa "shikamoo", ya koya mini amsar, "marahaba". Rabin hirar da Larabcin da ya ratsa harsunanmu muka yi ta: Alhamisi, Ijumaa, dunia, sabuni, arobaini, hamsini. Na miƙa masa kuɗi ya ɓata rai, sai kilishin da ya rage ya karɓa, yana jujjuya shi yana shinshinawa.

Tsohon garin Zanzibar, Mji Mkongwe, wuni ɗaya muka ba shi. Lunguna ne kamar cikin birnin Kano, sai dai gidajen benaye ne da ƙofofin katako masu sassaƙa. A kasuwar Darajani uwargida ta cika jaka da kanumfari, da dare muka sha ruwan rake da citta da lemon tsami a Forodhani, dandalin masu sayar da abinci na bakin teku. Gonar kayan ƙamshi rabin wuni ta isa.

Ranar tafiya ƙarfe goma aka ce mu bar ɗaki, aka sa almakashi aka datse munduwar, alhali jirginmu sai yamma. Ruwan gorar da muka sha muna jiran direba, dala 3 aka rubuta mana.