Bugu biyu da na jawo wa ɗana a filin golf

Na koyi wasan golf ne a shekarun da aiki ya zaunar da ni a Kaduna, kuma da aka dawo da ni gida Sakkwato sai na jingine jakar sandunan a bayan ƙofa, ina ganin ta gama amfani. Ɗana na uku ne ya tono ta yana ɗan shekara bakwai. Wata rana da la'asar na iske shi a tsakar gida yana dukan ƙodagon goruba da sandar da ta kusa kai masa ƙirji, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne yadda yake juya ƙugu kafin hannuwansa su sauko, abin da ni sai da na shekara biyu ana yi mini gyara kafin jikina ya karɓa.

Washegari na sa aka rage tsawon sanduna uku, muka samu wani fako a bayan gari ta hanyar Wamakko muka mayar da shi wurin atisaye. Da yake ciyawa ba ta zama a irin wannan ƙasa sai da ban ruwa mai tsada, mun bi dabarar da tsofaffin filayen Arewa suka daɗe suna bi, wato cakuɗa yashi da baƙin mai a daddaɓe shi a kewayen rami. Man na karɓo wurin wani bakanike, ramin kuwa gwangwani muka binne wanda bakinsa ya yi kusa da milimita 108 da doka ta ƙayyade. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, muna fita ne da an sallame sallar asuba mu dawo kafin lokacin makaranta. Da hunturu kuwa hazo kan ɓoye mana ƙwallo tun tana sama, kuma a nan ne yaron ya koyi tsinko busasshiyar ciyawa ya watsa don ya ga inda iska ta dosa.

Shekara huɗu muka yi a haka, ni ne malami, ni ne direba, ni ne mai ɗaukar jaka, kuma kafin kowane bugu ni ke faɗin sandar da za a ɗauka. Ban lura da cewa na saba masa da waiwayo ba.

Yana ɗan shekara 11 na kai shi wata gasar yara a Abuja. Tun ranar gwaji muka ga bambanci, domin ƙwallo tana gudu a kan ciyawar da aka aske fiye da yadda take yi a kan yashinmu mai mai, sai ya riƙa zarce rami da taku uku ko huɗu. Wannan bai dame ni ba, kafin yamma hannunsa ya daidaita. Abin da ya gagara daidaita shi ne ni. An sanar da iyaye cewa su tsaya nesa, domin dokar wasan ta hana ɗan wasa neman shawara wurin kowa idan ba mai ɗaukar jakarsa ba, kuma hukuncin saɓa mata ƙarin bugu biyu ne, a wasan da mai ƙarancin bugu ke yin nasara. Na san dokar sarai, amma na ɗauka ido da ido tsakanin uba da ɗa ba ya cikin lissafi.

A rami na 11, gajere ne mai ruwa a gabansa, na hango ya zaro sandar ƙarfe mai lamba takwas. Na ga kamar ba za ta tsallake ruwan ba, gara mai lamba bakwai da ta fi ta kai ƙwallo nesa. Ya waiwayo kamar yadda ya saba, ni kuma na ɗaga yatsu bakwai, wanda ba ya yiwuwa sai da hannu biyu, don haka duk wanda ke wurin ya gani, har da jami'in da ya riga ya ja mini kunne a rami na huɗu. Yaron ya mayar da takwas ya ɗauko bakwai, ƙwallon ta wuce ruwan, ta wuce ramin, ta faɗa cikin kwarin yashi na baya. Jami'in ya tako a natse ya yi masa bayani, aka rubuta ƙarin bugu biyu a katinsa na lissafin bugu. Da bugu ɗaya ya rasa matsayi na uku.

Tafiyar dawowa yini guda ce, ta Kaduna da Zariya da Funtuwa da Gusau, kuma bai yi magana ba sai da muka wuce Talata Mafara. Ya ce, "Baba, iska tana bayana, shi ya sa na ɗauki takwas." Ni da ke tsaye a inuwar bishiyoyi ban ji iskar ba. Da muka isa gida mahaifiyarsa ta saurari labarin, abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, kai ne ka shiga gasar ko shi?"

Duk uban da ya sa ɗansa a wannan wasa yakan kafa hujja da Tiger Woods, wanda mahaifinsa Earl ya ɗora shi a hanya har ya ci gasar Masters ta 1997 yana ɗan shekara 21 da ratar bugu 12. Ni ma da shi nake rufe bakin masu cewa na matsa wa yaro. Abin da ba mu cika ambata ba shi ne, tun yaron yana ɗan shekara huɗu Earl ya damƙa shi ga ƙwararren mai horarwa, Rudy Duran. A ganina wannan ne mafi wuya ga uba, domin kashe kuɗi da tashin asuba suna da sauƙi a kan yarda cewa iliminka ya ƙare a inda na ɗanka ya fara.

Yanzu duk hutun makaranta ina kai shi Kaduna wurin wani mai horarwa, a tsakani kuma ina ɗaukar bugunsa a waya in tura ta WhatsApp, gyaran ya dawo da muryar malamin. Abin da ya rage a hannuna shi ne dokoki da lissafi. Muna ƙirga sanduna kada su wuce 14, muna auna minti uku na neman ƙwallon da ta ɓata, wanda kafin 2019 minti biyar ne, kuma ba ya sa hannu a kati sai ya bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, tun da rubuta abin da ya gaza bugun da aka yi a rami yana iya jawo kora daga gasa.

A fakonmu kuwa na koma zama a kan mota da carbi a hannu, don yatsuna su samu abin yi. A makon jiya ya tsaya a gaban wata ƙwallo da ta kwanta a gindin sabara, ya fara juyo da kai wajena, sai ya fasa, ya sunkuya ya tsinki ciyawa ya watsa sama.