Shari'ar filin Babanmu

Wallahi jinkirin shari'a bala'i ne. Maganar filin Babanmu a babbar kotu, lauyoyi sun gama jawabin ƙarshe tuntuni amma hukunci shiru, kullum ɗagewa, tsoho ya sha babbar riga ya zauna a benci tun safe ya dawo da ciwon baya. Alhali sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 kwana 90 kacal ya ba alƙali. Lauyanmu ya ce mu kai koke NJC, wato hukumar da ke kula da ladabtar da alƙalai, a Abuja haɗe da takardar rantsuwa, su kafa kwamiti su ji ta bakin alƙalin. Abin da ke min ciwo ko an kama alƙali da laifi sau da yawa gargaɗi ne ko ritayar dole, cirewar ma sai gwamna ya sa hannu. Mun dai rubuta, ku taya mu da addu'a.