Inna ta dawo gida bayan kwana 38: godiyata

Jiya da la'asar muka shigo da Inna gida. Hannun dama har yanzu bai ɗagu ba, amma da safen nan ta sha kununta da hagu, ta kuma yi wa jikanta faɗa don ya bar ƙofar zaure a buɗe awaki sun shigo. Da na ji faɗan nan sai na zauna a dakali na yi ta dariya ni kaɗai. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Na gaji, 'yan'uwa, gajiyar da barci ba ya kashewa. Duk wanda na tsallake a saƙon nan ya yafe mini. Abin da ya faru tun ranar da ta faɗi a bakin murhu kun sani, ba sai na maimaita ba. Dare ɗaya kawai nake so in ba ku labarinsa.

Daren na huɗu ne a gidan likita. Maiɗakina tana gida tana jego, kwananta tara da haihuwa, don haka jinya ta faɗo kaina. Wajen ƙarfe biyu Inna ta ɓata shimfiɗarta. Lokacin bakinta bai buɗe ba. Sai ta juya fuska bango, hawaye na gangara mata cikin kunne. Ni kuwa na tsaya da zane a hannu kamar an dasa ni. Ɗa namiji da uwar da ta haife shi, ina zai taɓa, ina zai bari? Ga shi tsakiyar bazara, kun san Damagaram da ruwa: gari a kan dutse, sai an jawo masa daga Arunguza da Ganaram, famfo ya wuni yana hura iska.

Sai Gwaggo ta tashi daga tabarmarta. Ta hana ni faɗa, amma zan faɗa: Gwaggo mai ƙosai ta wajen Kasuwar Dole, wadda ke zama layin baya a majami'a kusa da ƙofa. Ba danginmu ba ce. Da magariba ta kawo tuwo, ta ce dare ya yi mata, bari ta ɗan kishingiɗa. Ashe da shirinta ta zo, da sabulu da man kaɗanya da bido guda na ruwan da ta saya da kuɗinta.

Ta karɓi zanen daga hannuna ta ce, "Ɗana, fita ka sha iska. Wannan namu ne."

Da na dawo na tarar Inna fes, an sauya mata zane, Gwaggo na zaune a ƙasa ta ɗora ƙafafun Inna a cinyarta tana murza su da man kaɗanya, yatsa bayan yatsa, tana waƙar zumuntar mata can ƙasa-ƙasa don kada ta ta da masu barci. Tun ina yaro nake jin Yahaya sura 13, yadda Yesu ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro ya wanke ƙafafun almajiransa. Ni ma na sha karanta ta a gaban jama'a da babbar rigata, har ana yaba muryata. Daren nan na ji kunyar rigar.

Dare 21 ta kwana a wurin. Kaskonta a kife duk kwanakin nan, ita da abin da ta soya da safe shi ne cefanenta na dare.

Kuma ba Inna kaɗai ta yi wa ba. A gadon kusa akwai wata baiwar Allah daga wajen Tanut, Musulma, ba mai jinyarta sai 'yar yarinya da ba ta wuce shekara goma ba. Gwaggo ke yi mata wanka. Idan an kira salla ita ke juya ta gabas, ta miƙo mata dutsen taimama da ta tsinto a waje ta wanke. Ina kallo ina tuna Juma'ar 16 ga Janairun 2015 da aka ƙone majami'u a garin nan. Ɗakin Gwaggo a harabar majami'a yake, da zanen jikinta kawai ta tsira, ta kwana a barikin soja tare da sauran mutanenmu. Wani dare na ɗauko mata zancen. Ta harare ni ta ce, "Tabarma wuta ta ci, ba hannuna ba. Miƙo mini bokitin can."

Zumuntar mata, ban san yadda kuka raba kwanakin ba, na dai san kwano bai taɓa yankewa ba. 'Yan ƙungiyar mawaƙa, jika 45 ɗin da kuka haɗa ita ta sayi maganin makon farko, kuma na san yawancinku 'yan lakwal ne. Baba Fasto da Mama, na gode. Malam maƙwabcina na Sabon Gari, da ya fito daga sallar asuba ya ɗauki Inna a motarsa ko takalmi bai tsaya nema ba. Mai garuwar layinmu da ya yi ta zuba wa mai jego ruwa bashi, bai taɓa buga ƙofa ya tambaya ba. Lokotoro da ma'aikatan dare, Allah ya ƙara basira.

Danginmu na Yamai, mun ga saƙonninku a WhatsApp, kilomita kusan 900 ba wasa ba ne. Na Kano kuwa, da ake tasowa da safe a ci abincin rana a nan, to. Da bakin Inna ya buɗe sau biyu ta tambaye ku, na ce kuna hanya. Har yau ban gyara maganar ba.

Ubangiji da ya zo ba don a yi masa hidima ba, sai don shi ya yi hidima, ya tuna da ku. Ya tsaya muku ranar da ƙafa ta kasa. Kada ya bar ku ku juya fuska bango ba mai rufa muku asiri. Ya cika randunanku, ya albarkaci kasko da garuwa da aljihun ɗan lakwal. Ya raya muku zuriya, ya ba marar lafiyar Tanut sauƙi inda duk take. Gwaggo, Allah ya ba ki masu murza miki ƙafa a tsufanki, ya sa ni da 'ya'yana muna cikinsu. Amin, amin.

Ranar Lahadi za mu yi godiya a majami'a. Masu zuwa gaida Inna ku bari sai bayan la'asar, da rana barci take yi. Gwaggo kuma gobe za ta koma bakin kaskonta. Ku biya ku sayi ƙosai, na dala ashirin ma ya isa, amma kada ku ce ni na turo ku.