Kuɗin Masu Lalura a Ingila: "Da Sauƙi" Ba Amsa Ba Ce

Wanda ya sauka Ingila da lalura a jikinsa ba ya daɗewa sai wani ɗan gida ya ce masa, ai gwamnati na biyan irinku. Gaskiya ne, amma kafin ka ɗaga waya, ɗan'uwa, duba bizarka. Bizar karatu da ta aiki galibi suna zuwa da sharaɗin da ake kira NRPF, wato ba ka da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati. Idan ka karɓa alhali yana kanka, kana iya jefa zamanka cikin matsala. Sannan sai ka zauna a Birtaniya shekara 2 cikin 3 da suka wuce, sai dai wanda aka ba mafaka, shi wannan sharaɗi bai hau kansa ba.

Tallafin sunansa PIP, kuɗin da gwamnati ke ba babban da lalura ke hana shi hidimar kansa. A 2013 ya soma maye gurbin DLA, tsohon tallafin masu lalura, ga manya, yara 'yan ƙasa da shekara 16 kuwa har yanzu DLA suke karɓa. Ba a duba albashi ko ajiya, kana aiki ma za ka iya samu. Kashi biyu ne: hidimar yau da kullum, da zirga-zirga. A ƙa'idar da ta fara aiki Afrilun 2025, na farko fam 73.90 ne ko 110.40 a mako, na biyu 29.20 ko 77.05. Tantance ka ake yi a ba ka maki a kowane kashi: maki 8 ke ba ka ƙaramin mataki, maki 12 babba. Dole lalurar ta kai wata 3 tana damunka, kuma ana sa ran za ta ƙara wata 9.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne wajen bayani, kuma abin yana min ciwo. An raine mu da cewa mai ciwo ba ya ƙorafi. A tambayi dattijon da ƙafarsa ta shanye, ya jiki, sai ya ce alhamdulillahi, da sauƙi. A gida wannan tarbiyya ce. A gaban mai tantancewa kuwa, abin da ka faɗa shi zai rubuta. Su ba sunan ciwo suke ba maki ba, abin da ciwon ya hana ka suke aunawa: dafa abinci, wanka, shiga bayi, sa kaya, shan magani, cuɗanya da mutane.

Saboda haka kada ka ce "ina iya wanka" ka yi shiru. Ka ce sai an ajiye maka kujera, sai matarka ta riƙe ka wajen fitowa, kuma sau biyu ka zame. Idan ɓalla maɓallin riga yana cin minti goma, faɗi. Doka ta ce ba a lissafa ka iya abu sai idan kana yinsa ba haɗari, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma bai ɗauke ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Wajen tafiya ma haka: wanda ba ya wuce mita 20 shi ke samun maki 12. Mita 20 kusan tsawon motoci huɗu ne a jere, ka auna kafin ka amsa. Zancen bayi yana da nauyi a baki, na sani, amma kunya a nan asara ce. Godiyar Allah tana nan, faɗin gaskiyar halinka ba ya rage ta.

Wata ɗaya ake ba ka ka mayar da fom ɗin da za a ba ka idan ka nemi tallafin. Haɗa da takardun likita, kwafi ba na asali ba, da ɗan littafin da ka rubuta yadda ranakunka suke wucewa. Ofishin Citizens Advice na taimakawa kyauta. Idan aka hana ka, kana da wata ɗaya ka nemi hukumar DWP, wadda ke biyan tallafin, ta sake dubawa, daga nan sai kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta, inda da yawa suke cin nasara.

Tsarin kansa yana motsi. A 2025 gwamnati ta so tsaurara sharaɗin maki, 'yan majalisar jam'iyyarta suka yi tirjiya, aka janye, aka ɗora wa minista Stephen Timms sake nazari. Na ji daɗin janyewar, domin wannan kuɗin shi ke biyan ɗumama ɗaki da tasin zuwa asibiti a gidaje da dama. Mazauna Sikotilan kuma su lura, nasu tsarin daban ne tun 2022.