Sanamakki: a auna shi da cokali, ba da tafin hannu ba

Da wuya ka shiga shagon attar, wato mai sayar da magungunan gargajiya, a kasuwar Omdurman ko ta Gadarif ka rasa buhun sanamakki. Shi ne iyayenmu ke kira filaskon Makka, ɗan'uwan filaskon da ake samu a ƙasar Hausa, ana shan sa don wanke ciki idan bayan gida ya ƙi fita. A nan Sudan yana fitowa da kansa a daji, daga nan ma ake kai shi ƙasashen waje. Ambatonsa ya zo a hadisin Asma'u bint Umais, shi ya sa mutane suka saki jiki da shi. To amma albarkar magani ba ta hana shi kayar da mutum idan an wuce kima, kuma yawancin masu kuka da shi a wajen awo suka yi kuskure.

Wajen saye, a nemi ganye siriri mai tsini, kore mai haske, wanda ke karyewa ƙaras a tsakanin yatsu. Wanda ya yi baƙi ko yake warin gumi, ruwa ya taɓa shi, a bar shi. A tsince tsinkayen. A kuma duba ko an gauraya shi da harjal, wani ganyen magani na daban, don ganyensu ya yi kama, sai dai na harjal ya fi kauri.

Ga babban mutum, ƙaramin cokalin shayi ɗaya na dakakken ganye ya isa, kimanin giram 1 zuwa 2. Wanda bai taɓa sha ba ya fara da rabi. A zuba a kofi ɗaya na ruwan sanyi tun da safe, a rufe, a bar shi awa 10 zuwa 12, a tace a sha lokacin kwanciya. Mai sauri ya zuba tafasasshen ruwa a kai, minti 10 ya tace. Abin da ba a so shi ne a ɗora ganyen a wuta yana ta tafasa har ruwan ya yi duhu, wannan ne ke kawo murɗar da mutum zai naɗe kamar tabarma. Ɗan citta ko shamar, wata ƙwayar ƙamshi da Turawa ke kira fennel, yana rage murɗar, tsamiya kuma, wato aradeb, tana kashe ɗacin.

Ga inda aka fi faɗawa rami. Sanamakki ba ya aiki a tumbi. Sinadarinsa sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune a can su warware shi, sannan hanjin ya fara motsi, kuma wannan tafiya tana ɗaukar awa 8 zuwa 12. Sai mutum ya sha da la'asar, magariba ta yi bai ji komai ba, ya ce ganyen ya kwana biyu, ya ƙara kofi. Cikin dare su biyun su haɗu. Asuba na yi ƙafafu na rawa, baki ya bushe, ido ya faɗa. Kofi ɗaya kawai, sai a jira gari ya waye.

Idan gudawar ta riga ta yi yawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Fitsari na iya yin ja-ja ko ruwan ƙasa, wannan launin ganyen ne, yana wucewa.

Kada a wuce mako ɗaya ana sha. Abin da ke min ciwo shi ne 'yan mata da suka mai da shi shayin rage ƙiba. Ruwa ne yake fita, kitse na nan, ga sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata yana zubewa, har hanji ya saba, ba ya motsi sai an zungure shi.

Mai ciki, da yaron da bai kai shekara 12 ba, da mai ciwon ƙoda, su nisance shi. Haka mai shan maganin zuciya ko ƙwayar sa fitsari irin Lasix, sai ya tambayi likita. Mai azumi a zafin nan namu ma ya haƙura. Idan kuwa ciki ya kumbura, ba bayan gida ba iska, ga amai, ko ciwo ya tsaya ƙasan cibiya ta dama, wataƙila hanji ne ya toshe ko afendis, kuma sanamakki na iya fasa shi. A tafi asibiti a daren.